Robar Zanen Gado da Jinyar Babanku

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga autana Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka ka sauka Gwaram lafiya, ka samu abin hawa zuwa Dingaya ba tare da wahala ba, ka iske Baffanka Sule da sauƙi, matarsa Goggonka Dije kuma da ƙarfin jiki. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na mutum, ya sa ka shiga aikin koyarwar nan a sa'a.

Ka san ni ba gwanar magana ba ce ido da ido. In na zaunar da kai zan faɗa maka wani abu, sai in ƙare da tambayar ko ka ci abinci. A waya kuma kullum sauri muke yi. Shi ya sa na rubuta, na cusa a ƙullin da ke ƙasan jakarka. A cikin ƙullin za ka ga zannuwan gado masu roba, irin waɗanda bakinsu ke kama katifa ta ƙasa, da naɗin sabuwar roba, da allura da zare, da reza, da manyan fil. Kada ka yi dariya ka ce Inna ta haɗa ka da kayan tela. Karanta tukuna.

Ranar da ka ce ba za ka kama haya kusa da makaranta ba, a gidan Baffa za ka zauna ka riƙa taimaka masa, na ji daɗi ƙwarai. Tun da wani bijimi ya fizge shi da igiya ya faɗi a kan dutse ƙugunsa ya karye, ba shi da namijin da zai ɗaga shi. Ɗansa Buba yana kudu da shanu, 'ya'yansa mata suna gidajen mazansu, Goggo kuwa hannunta bai iya juya shi. Ka yi abin da ya kamata. Amma bayan daɗin sai tsoro ya biyo, don na san aikin da ka ɗauka, kai kuwa ba ka san shi ba. Lokacin da Babanku ya kwanta kana makarantar kwana, sai hutu kake zuwa ka iske an share ɗaki an turara. Ba ka ga yadda na yi ta tuntuɓe ba kafin na koya. Shi zan faɗa maka, don kada ka koya a jikin Baffa yadda na koya a jikin Babanku.

A gonarmu ta Kiyako ya faɗi, lokacin yankan dawa. Hawan jini ne. Ɓarin damansa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Da aka sallame mu daga asibiti aka ce in shimfiɗa leda a kan katifa saboda fitsari, in riƙa juya shi akai-akai. Na fara da shimfiɗa masa zanen ɗaurawa, amma a kan leda zane ba ya zama, zamewa yake yi. Ran kasuwa na ga zanen gado mai roba a wajen masu gwanjo, na saya. Tun a wurin na ja robar na ji tana ƙas-ƙas, ta miƙe ba ta koma ba. Ni da nake ɗinkin kayan yara tun kafin a haife ka, na san robar ta mutu. Na ce a raina ba yanzu ba, ina da abin da ya fi wannan. Da na zo gida sai na ƙulle kusurwoyin zanen na cusa ƙarƙashin katifa. Kullum da safe sai in iske zanen ya taru a tsakiyar gado ya murɗe kamar igiya. In ja shi kaɗan ta gefe, in wuce wajen koko. Shi kuwa bai taɓa cewa wani abu na damunsa ba, don ɓarin nan ba ya jin komai.

Ka tuna Maman Ladi, ma'aikaciyar jinyar nan Kirista 'yar wajen Filato, da ke haya a bayan gidanmu? Wata rana da yamma ta taso daga aiki ta biyo duba shi. Suka gaisa, ta yi masa wasa kamar yadda ta saba, sannan ta ce, "Hauwa, kama mini mu juya shi, ina so in ga bayansa."

Muka juya shi. Ta duba, sannan ta ce, "Tun yaushe wurin nan ya yi haka?"

Na ce, "Wane wuri?"

Ta nuna mini. A saman ƙashin ƙugunsa fata ta yi duhu tana sheƙi, tsakiyarta ta sale, faɗinta ya kai bakin kofin shayi. Kullum ina goge masa jiki, amma ta gaba nake yi, cikin sauri. Ta kama zanen ta ɗago mini wurin da ya murɗe, ta ce, "Wannan ne ya ci shi. Mai lafiya in abu ya tokare shi, ko barci yake sai ya motsa. Malam ba zai motsa ba. Ke ce za ki ji masa."

Ba ta yi mini faɗa ba, ta koma gida ta ɗauko kayan wankin ciwo. Gyambon nan sai da ya cinye rani guda kafin ya rufe. Akwai lokacin da ya zurfafa har ya kawo masa zazzaɓi, muka koma asibiti, likita ya ce in ya shiga jini ba shanyewar ce za ta kashe shi ba, gyambon ne. Duk saboda robar da zan iya canzawa tsakanin azahar da la'asar.

Don haka, Habibu, ido bai isa ba. Duk sanda ka juya Baffa, ka sa tafin hannunka ka shafa zanen ƙarƙashin kafaɗarsa da ƙugunsa da dugadugansa. Ninki ɗaya, ko ɓarɓashin tuwo, ko ƙwayar gero, ka cire. Ka duba fatar da hasken rana. In ka ga wuri ya fi sauran duhu, ko yana sheƙi, ko ya fi ɗumi, kada ka kwantar da shi a kansa, kuma ka nemi ma'aikacin asibiti ya gani tun bai buɗe ba. Baffa yana jin jikinsa, ba kamar Babanku ba, amma ka san halinsa. Mutumin da ƙaya ke shiga ƙafarsa a daji ya ƙi ɗingishi don kada a gani, ba zai ce maka zane na cinsa ba. Kada ka jira ya faɗa.

Washegarin ranar da Maman Ladi ta nuna mini ciwon na zauna gyaran zanen, zuciyata na tafasa da haushin kaina. Na ce wannan karon ko aljani bai isa ya motsa shi ba. Na yanki roba gajera ƙwarai, na zarga, na ɗinke, ban ko gwada ba. Da muka ɗaga Babanku kan tabarma na sa wa katifar, sai ta lanƙwashe, kai da ƙafa suka ɗago sama, tsakiya ta lotsa kamar kwalekwale. Na tsaya ina kallo. Can na ji wani sauti daga tabarma, na juya a tsorace, ashe dariya yake yi da rabin fuskarsa. Da harshen nan nasa mai nauyi ya ce, "Hauwa, kifi za mu kama?" Tun da ya faɗi ban ji dariyarsa ba sai ranar. Na danna katifar da gwiwa don ta miƙe, kusurwar zanen ta yage.

Ga yadda ake yi, na koya bayan na ɓata zane guda. Ka juya bakin zanen, za ka ga an kalmashe shi an yi wa robar gida. Ka sa reza ka farke ɗinkin kaɗan kusa da kusurwa, daidai yadda yatsa biyu za su shiga. Zare za ka yanka, ba yadi ba. Ka jawo tsohuwar robar ka yanke ta ka zare. Sabuwar kada ta yi tsawon bakin zanen, in ta yi ba abin da za ta kama. Ka auna bakin, ka rage kamar kashi ɗaya cikin uku, amma ka bar ɗan saura, don ragewa ta fi ƙari sauƙi. Ka maƙala babban fil a kan robar ka tura shi cikin gidan, kana turawa kana jan yadin baya, kamar yadda ake zarga mazagin wando. Kafin ka fara, ka kafe wutsiyar robar a jikin zanen da wani fil, in ba haka ba kana kaiwa tsakiya za ta shige ciki, ka koma farko. Wannan ya same ni ba sau ɗaya ba. Ka kula kada ta murɗe a hanya. In kai ya fito, ka haɗa bakin biyu da fil kawai, ka je ka gwada a katifar tukuna. Zanen ya kwanta sumul, katifar kuma ta zauna a miƙe. In ya yi, ka ɗora baki ɗaya kan ɗaya ka ɗinke da kyau, ka kai ka komo har sai ka ja da ƙarfi bai saki ba, sannan ka rufe ƙofar da ka farke.

Wani zanen za ka iske an ɗinke robar a jikin yadin, ba ta da gida. Wannan da hannu zai ba ka wuya. Ka yanki gajerun robobi, ka ɗinka kowace a gicciye ƙarƙashin kusurwa, daga wannan gefe zuwa wancan, yadda kan katifar zai shiga ta riƙe shi. Ba shi da kyan gani, amma yana aiki. In kuwa abin ya gagare ka, kai wa tela a Gwaram, ka tsaya a kansa ka kalli hannunsa. Waɗanda na sa maka na gyara su duka, sai dai ban san kaurin katifar Baffa ba, don haka ka gwada kafin ka kwantar da shi.

Na gyara sauran zannuwan, suka zauna daidai. Ba a jima ba robar ta sake mutuwa. Na canza, ta sake. Na yi ta zagin mai sayar da ita, alhali ni nake kashe ta. Ka san ɗakin mai jinya ba ya rasa wari. 'Yan dubiya kuwa ba sa yankewa, daga Kiyako, daga Kangire, daga cikin gari. Na tsani a shigo a ji wani abu a fita ana cewa Hauwa ba ta kula da mijinta. Sai na riƙa dafa zannuwan a tukunya, in zuba musu maganin sa kaya fari, in ba yara su kai kan falalen dutsen bayan unguwa su shanya a tsakiyar rana har su yi ƙamas, sannan in bi su da dutsen guga har kan robar. Roba ba ta son zafi. Ruwa mai ɗumi da sabulu ya isa. Ka ɗauraye da kyau, ka shanya a igiya inda iska ke bi, da ya bushe ka kwashe. Kada dutsen guga ya taɓa bakin.

Amma ba robar kaɗai na ƙona ba. Ban san cewa duk sanda zan cire zanen ina ɗauke numfashi ina kawar da kai ba. Ban san da an yi sallama a zaure nake zabura in cika kasko da turare har hayaƙi ya sa shi tari ba. Wata safiya ina naɗe zanen da ya ɓata, sai ya kira ni. Na matso don in ji, don maganarsa sai an kasa kunne. Ya ce, "Ni ne nake wari?"

Na ce, "Haba Malam, wane irin wari?"

Ya ce, "Ki daina ba ni ruwa da yawa. Sai in rage miki aiki."

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa kwanakin nan yake ture kofi yana cewa ba ya jin ƙishi. Mutumin da likita ya ce ya sha ruwa sosai, yana hana kansa don kada in ɓata fuska. Na ajiye zanen na zauna a bakin gadon. Ban iya ba shi haƙuri da baki ba, ka san mu. Na ɗebo ruwa na tallafi kansa, na ce ba zan tashi ba sai ya shanye. Ya shanye. Daga ranar na koya wa fuskata zama. In ina canza masa shimfiɗa sai in riƙa ba shi labarin unguwa, wa ya haihu, akuyar wa ta shiga gonar wa, har mu gama bai lura an gama ba.

Kai ma za ka ji abin da hancinka ba ya so. Ba laifi ba ne, mutum ne kai. Amma Baffa zai riƙa kallon fuskarka fiye da yadda kake zato. Dattijo ne mai kunya, kai kuma ɗan ƙaninsa ne da ya goya a kafaɗa. Ranar farko da za ka tsaftace shi za ta fi masa karayar ciwo. Ka rufe ƙofa, ka lulluɓe inda ba ka aiki a kai, ka faɗa masa abin da za ka yi kafin ka taɓa shi. Kada ka yi magana da wani a kansa kamar ba ya wurin. Kuma ka lura da kofinsa da kwanonsa. In ka ga ya fara rage ci da sha, kada ka yarda da cewa ƙoshi ne.

Akwai Malam Garba na Kangire, abokin Babanku tun suna samari, wanda kuke kira Baba Garba. Tun farkon ciwon ya zo ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Hauwa, ki bar mini wankansa da askinsa. Ni namiji ne, na fi ki ƙarfin ɗaga shi." Na ce masa na gode, ba komai, ina iyawa. Ya sake zuwa ya faɗa, na sake cewa ina iyawa. Yayyenka mata suka ce za su riƙa karɓa-karɓa, na ce su zauna gidajensu. A ganina in na karɓi taimako kamar na ce na gaji da shi ne. Na yi ta ɗaga shi ni kaɗai, har wata rana na sunkuya zan ja shi sama, bayana ya riƙe. Na durƙushe a gefen gadon, na kasa tashi. Shi yana kwance a jiƙe, ni ina ƙasa, muna kallon juna. Da hannunsa mai lafiya ya yi ta buga kofi a jikin ƙarfen gado har maƙwabta suka ji.

Na yi kwanaki a kwance. Baba Garba bai ce mini ai na faɗa miki ba. Ya ɗaure kekensa a zaure ya naɗe hannun riga. Ina daga ɗaya ɗakin ina jin su, yana yi masa aski yana ba shi labarin yadda dawa ta yi a bana da wanda ya sayar da gonarsa ya yi nadama. Babanku yana amsawa, har da gardama. Ashe ba ɗagawa kaɗai na hana shi ba, na hana shi hirar maza.

Kai kana da aji da yara na jiran ka kowace safiya. Ba za ka iya zama malami kuma ka zama kai kaɗai ne hannun Baffa ba. Tun makon farko ka faɗa wa shugaban makarantarku halin da ake ciki, gaskiya tsakani da Allah, kada ka riƙa ɓoyewa kana makara. Ka nemi maza biyu ko uku a maƙwabta ko a masallaci da za su leƙo su juya shi in kana makaranta. Mutanen ƙauye ba sa ƙin irin wannan, sai dai suna jiran a buɗe musu ƙofa. Wanda ya ce zai taimaka ka ce masa to, ka faɗa masa lokacin. Ka koyi ɗagawa da gwiwa ba da baya ba. Goggo kuma kada ka karɓe mata komai don kana tausayinta. Mijinta ne. Ka bar mata abincinsa da shafa masa mai da zaman kusa da shi. In ta gyara maka wani abu da ka riga ka yi daidai, ka ƙyale ta ta gyara.

Abu na ƙarshe shi ne wanda na fi daɗewa ban gane ba. Bayan na warke, wata rana da hantsi ina zaune kusa da shi ina zarga roba a wani zane, sai ya miƙo hannun hagunsa ya kama yadin. Na ce, "Bari Malam, kai dai huta." Na zare daga hannunsa a hankali. Ya juya fuska bango. Baba Garba yana bakin ƙofa yana wasa askarsa. Da na fito ya ce, ƙasa-ƙasa, "Hauwa, mutumin da bai taɓa wuni hannunsa ba komai ba, hutun nan da kike ba shi ya fi ciwon cin sa."

Na koma na jingina shi da matasai, na ɗora masa zanen a cinya, na sa masa fil ɗin a hannu. Ya danne yadin da gwiwar hannunsa da ta shanye, yana tura fil da yatsun hagu, in ya kakare ya ja da haƙori. Abin da nake yi kafin ruwan shayi ya tafasa, shi har aka kira azahar bai gama ba. Hannuna yana ta ƙaiƙayi in karɓa, na zauna a kansa. Da kan robar ya ɓullo ta ɗaya gefen ƙofar, ya ɗaga shi sama yana nuna wa Baba Garba, gumi na zuba a goshinsa. Ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Daga nan zargin roba ya zama aikinsa. Duk wandon yara da siket da na ɗinka, shi ke zargawa. Matan unguwa suka ji, suka riƙa aiko da wandunan 'ya'yansu da roba ta saki. Ya riƙa yi mini faɗa in na yanka ta yi gajarta. In an kawo aiki ina tsakar gida sai in ji ya ce, "A ajiye, mai shagon yana da layi." Hannun hagun ya yi ƙarfi har ya koma cin abinci da kansa, daga baya ya iya zama a kujera a zaure ya bi jam'i daga nan. Wannan kai ma ka gani.

Baffa hannuwansa biyu lafiya lau suke. Ka nemo masa kaba ko zaren buhu ya riƙa tufka igiya, ba wanda ya kai shi a wannan. In saniya ta ƙi cin abinci, ko ana shawarar wadda za a sayar, a shigo a tambaye shi, kuma a yi abin da ya ce. In saniya ta haihu a ɗauko maraƙin a kawo masa bakin ƙofa ya gani. Kai ma ka riƙa tambayarsa abin da ba ka sani ba game da mutanen wurin, zai faɗa maka iyayen kowane yaro da ke ajinka har kakanninsu. Kada ka bari ya zama wanda ake yi wa kawai.

Babanku ya yi shekaru bayan haka, ka sani. A ƙarshe ya koma kwance gaba ɗaya, damina guda bai tashi ba. Ranar da ya cika da safe ne, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Baba Garba ne ya yi masa wanka tare da liman. Abin da ba ka ji ba, don kana waje wurin maza, shi ne da suka gama ya zo bakin ɗakin da nake zaune, ya tsaya ta bayan labule ya yi sallama. Ya ce, "Hauwa, na wanke mutane da yawa da suka daɗe a kwance. Na juya abokina Isa ban ga ko ƙurji a bayansa ba. Fatarsa kamar ta wanda ya kwanta jiya. Na ce bari in faɗa miki." Ya tafi. Duk gaisuwar da aka yi mini a kwanakin nan, wannan ce ta zauna mini.

Ban sani ba ko Baffa zai tashi. Shekarunsa sun ja, karayar ƙugu kuma ba ta da sauƙi ga tsoho. Wannan na Allah ne, kada ka ɗora wa kanka. Naka shi ne shimfiɗa mai kyau, da fuska sakakkiya, da haƙuri. Wata rana zai yi maka tsawa ba ka yi komai ba. Wata rana kai ne za ka ji zuciyarka ta kawo wuya, ka ce me ya kai ni. In ta zo, ka tabbatar yana kwance daidai, ka fita ka yi alwala, ka zaga bayan gari ka dawo. Kada ka amsa masa a lokacin. Kuma kada ka riƙa tahowa gida kowane ƙarshen mako don kana tunanin na zauna ni kaɗai. Ranakun da ba makaranta su ne Goggo za ta samu ta huta. Ni ina da keken ɗinkina, yayyenka suna leƙowa, lafiyata ƙalau.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abinci ko ba ka jin daɗinsa. Yaran mutane da aka ba ka amana ne, kada gajiyar gida ta sa ka huce a kansu. Ka gaishe mini da Baffa, ka ce ina yi masa sannu, Allah ya sa kaffara ne. Ka gaishe da Goggo, ka ba ta man shafawar da ke cikin gwangwani, nata ne.

Lokacin da za ka karanta wannan ka riga ka ga ban raka ka tasha ba, ko zaure ban fito ba. Na ce maka ina da ɗinkin da za a zo karɓa. Ba wanda zai zo. Na san in na ga bayanka da jaka a kafaɗa zan yi abin da zai sa ka juyo, ni kuwa so nake ka tafi.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka ƙarfin jiki da sanyin zuciya, ya ba Baffa lafiya, ya jiƙan Babanku. Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Innarka,
Hauwa
Birnin Kudu